Mai haya na son sa giya a gidan gadonmu, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Shawara nake nema wajen waɗanda abin ya taɓa faɗo ma, ba masu an ce ka ce ba. Tsohonmu ya rasu ya bar mana gida bakin gudoro, mu takwas ne magada, nine babba a maza. Wani baƙo ya zo ya ce gidan abinci zai buɗe, ya ajiye kuɗin wata shida, muka raba kowa ya ci nasa. To shekaranjiya ƙanena ya leƙa ya tarar an shigo da firiza biyu da kujerun roba, yaron da ke fenti ya ce masa ai har da giya za a sa. Na je na same shi, bai ma musa ba, ya jawo takardu ya ce komi nasa bisa doka yake, na ga rijistar kasuwanci da NIF, wato lambar mai biyan haraji. Shin waɗannan sun isa mutum ya saida giya a Maradi? Kuma mu masu gida mi ke jiranmu?

Tsohon kwantabul:
Wa alaikumus salam ƙanena. A'a ba su isa ba. Na riƙe ma wani otal lissafi shekaru, ni na yi ta yawon takardun nan da ƙafata. Rijistar kasuwanci da NIF kowane ɗan kasuwa na da su, mai saida siminti ma na da su, ba su ce komi ba kan giya. Bayan su akwai batanti, wato harajin sana'a, da ake biya wajen lanho kowace shekara, sannan mai giya yana da lisansi nasa daban da yake biya a kan batantin. Amma duk wannan maganar kuɗi ce. Babbar ita ce izinin buɗewa daga hukuma, kuma shi dosiye ake haɗawa: takardar roƙo mai tambur, kaziye, takardar da ke nuna ko an taɓa hukunta mutum, daga gidan shari'a wanda bai wuce wata uku ba, takardar ɗan ƙasa ko ta zama in baƙo ne, zanen wurin, da kwantaragin haya. Ka ji ta ƙarshen nan ko? Mu ba a karɓi dosiyenmu ba sai da sa hannun mai gini. To in ba ku sa hannu kan komi ba igiyar na hannunku. Kuma an tambaye mu ko a nan za a zauna a sha ko saye za a yi a tafi da shi, don ba ɗaya ba ne wajensu. Namu ya kai wata biyar, kaziyen har ya mutu muka sake wani.

Ɗan Bagalam:
Na gode yaya. Ba mu rubuta komi ba wallahi, da baki muka yi gaban dillali.

Jikan mai unguwa:
Ni ɓangaren ankat na sani, wato binciken da hukuma ke yi a unguwa kafin ta ba da izini, don a zauren kakana aka yi wani ina nan ina ba da shayi. Wani ya nemi buɗe buvet, wato ƴar mashaya, a layinmu, aka turo ƴan sanda biyu da mai duba tsabta, suka bi gida gida suna tambayar maƙwabta kun yarda ko ba ku yarda ba, suna rubutawa. Mai tsabta ya duba makewayi da inda ruwan datti zai bi. Abin da ya kashe maganar shi ne nisa, sun duba tsakanin wurin da masallaci da lakwal, to kai ma ka san Maradi, ina za ka taka sawu ɗari ba ka tarar da masallaci ko makarantar allo ba? Akwai masallacin hamsu salawati bayan katangar ma. Liman bai ɗaga murya ba, ya zo ya zauna kawai ya ce shi dai asuba yana fitowa da dattawa. Ba a ba shi ba, yanzu wurin kaji ake gasawa. Shawarata ka riga shi zuwa wajen mai unguwarku, kada labari ya iso masa ta bakin wani ya zama da kai aka ƙulla.

Hajiya ta Zariya:
Ɗana ka saurare ni don ni na sha wannan ruwan. Bayan rasuwar maigidana na ba wani mai giya hayar shago biyu, mutumin yana da takardunsa cif, ya ma manna su a bango cikin gilashi, ba wanda ya isa ya ce ya taka doka. Kuɗi kuma bai taɓa jinkirtawa ba, wannan gaskiyarsa ce sai na faɗa. Amma ni na biya abin da ba ya cikin kwantaragi. Matan layi suka daina aiko yara ɗibar ruwa a famfona, adashin da muka shekara tara muna yi aka ce hannu ya cika, ranar sunan jikata tukunya uku na ɗora biyu suka kwana. Ba wadda ta zage ni ko sau ɗaya, gaisuwa ce kawai ta gajarce, ina kwana lahiya lau shi ke nan. Wanda ya fi ci mini rai, masu neman auren ɗiyata ta uku sun zo bincike aka ce masu ai gidan nan ne mai bar. Shekara biyu na yi kafin na samu ya tashi, don na sa hannu, kuma shi ke da gaskiya gaban shari'a ba ni ba.

Almajirin Limanci:
Allah shi ba Hajiya haƙuri. Ɗan'uwa ko da takarda ta cika akwai hadisin da aka la'anci mutum goma kan giya, har da mai ɗaukarta da mai cin kuɗinta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a ba da hayar gida don wannan. Balle dukiyar gado da ƙila akwai marayu a ciki.

Ɗan Bagalam:
Haka ne malam, akwai ƙananan ƙannenmu biyu. Ni ban da niyya, hanyar fita nake nema ba tare da an kai ni kwamisariya ba.

Baba na Mokoyo:
Ku yara ba ku ga 2000 ba. Watan Nuwamba ne, lokacin Tandja, aka ce za a yi bikin nuna tufafi na FIMA a Yamai, malamai suka ce ba su yarda ba. Mu nan Maradi ko ƙyallen ba mu gani ba amma a nan wuta ta fi ci. Ina da teburin gyaran rediyo kusa da wata mashaya, ina zaune na ji kabbara na tahowa, kafin in tattara kayana an fara fasa kwalabe, aka cinna ma rumfar wuta, gidajen mata masu zaman kansu ma ba su tsira ba, har coci aka taɓa. Mai mashayar nan na da lisansi, na sha ganinta a bango, ta ƙone tare da bangon. Abin da nake so ka ji, ginin ba nasa ba ne, na wani tsohon ɗan kasuwa ne da ko ƙofar wurin bai taɓa takawa ba. Mai giya ya koma garinsu, mai gini ya zauna da toka. Ban ce abin da aka yi daidai ne ba, ɓarna ce, rediyoyin mutane shida suka tafi a hannuna ni ma na biya.

Direban layin Jibiya:
Baba ya tuno mini. Wancan lokacin ne Zamfara ta fara shari'a zamanin Yariman Bakura, Katsina ta biyo baya a 2000, sai masu giya da mata suka tsallako iyaka suka cika Hirji, wani ƙauye a ɓangarenmu kusa da iyakar. Ina kwandasta lokacin, daren Asabar motocin Najeriya layi suke yi. Su can hukuma ce ta hana, a Kano har yau Hisba na tara kwalabe ta murƙushe. Mu nan doka ba ta hana ba, izini ta ce a nema, mutanen gari ne Hisbar. Shi ya sa baƙo ke ruɗewa, ya ga a Yamai mashayun da ake ce ma maki a buɗe bakin titi da kiɗa ya ɗauka ko'ina haka ne.

Ɗiyar Danja:
Bari in faɗi na ɗaya ɓangaren, ni Kirista ce kuma kawuna ya riƙe bar shekaru a garin nan ba wanda ya taɓa jifansa. Takardu yana da su, duk farkon shekara shi ke fara zuwa biyan lanho don ya ce mai irin sana'arsa ba ya cin bashin gwamnati. Amma ba su suka tsare shi ba. Wurin can gefen gari yake, katanga doguwa, ba allo ba suna, kiɗa ba ya fita waje. Yaron da bai kai 18 ba ko aike aka yi shi ba ya ba shi, wanda ya bugu ba ya ƙara masa, ya ce doka ce kuma hankali ne. Azumi in ya kama da kansa yake rufewa wata guda cur, da Sallah ya aika ma maƙwabta shinkafa. Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci da mashayu a Damagaram da Yamai, maƙwabcinsa wani alhaji ne ya buga masa waya ya ce rufe ka kawo iyalinka gidana. Kuma don Allah a daina yi kamar mu kaɗai ke sha, na yi hidima a wurin lokacin hutu, na san hulunan da ke shigowa bayan isha'i. Shi wannan mai hayar laifinsa ɗaya, ya ɓoye maku. Kawuna sai da ya zauna da mai fili da mai unguwa kafin ya sa bulo ɗaya.

Ɗan kabu-kabu:
Anti kin faɗi gaskiya. Kuma ni abin da ke ban mamaki ana ta faɗa da mai lisansi wanda an san inda yake, ga ƴan leda nan na wiski ana saida su ƙarƙashin tebur tare da taba da tiramol, ba takarda ba ankat ba komi, yaro ɗan 15 ya saya ya zuba aljihu ya hau moto. Abokina da muke tasha ɗaya ita ta kai shi ƙarƙashin tirela. Wannan wa ke auna nisansa da masallaci?

Tsohon kwantabul:
Ƙari kaɗan ƙanena. Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun gari ba zaɓaɓɓen magajin gari, wakili ne soja suka naɗa, amma ofisoshin na nan suna aiki a gundumomi ukun. Ka rubuta takarda da sunan magada cewa kun ba da haya don abinci ne ba ku yarda da giya ba, ku sa hannu, mai unguwa ya shaida, ka kai kwafi can ka riƙe ɗaya mai hatimi. Kada ka taɓa firizarsa, kada ka sa kwaɗo a ƙofa, nan ne za ka koma mai laifi.

Ɗan Bagalam:
Na dawo jama'a. Jiya bayan la'asar muka zauna zauren mai unguwa da shi da dillali. Ashe ko dosiyen izinin bai kai ba, wai nufinsa ya fara tukuna takarda ta biyo baya. Ya ce abinci kaɗai ba zai fidda masa kuɗin haya ba, in ba giya a maida masa kuɗinsa da na fenti ya tafi. Mai unguwa ya yanke mu biya na haya, fenti a raba biyu, an ba mu wata guda. To matsalar yanzu cikin gida take, biyar sun yarda su fiddo nasu, yayarmu da ke aure a Tasawa ta ce ta riga ta sa nata a taki, ƙanena kuma ya sai waya da nasa yana cewa ni na kawo mutumin ni zan biya. Wa ya san mai neman shago bakin gudoro, tela ko mai kayan masarufi, wanda zai iya ajiye na wata shida?