Naman daji da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani: ku ba ni shawara

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana yana farauta, ni nake gyara naman. Makon jiya ya kawo gada, garin fiɗa wuƙa ta huda hanjin, kashin ya ɓata cinya ɗaya. Na wanke tas na dafa. Bayan kwana biyu ɗana mai shekara 6 ya fara zawo. Na ba shi ragowar amoxicillin, yau kwana uku shiru. Wata ta ce min akwai ƙwayoyin cuta a hanjin namun daji da magani ba ya kashewa. Dabbar da ba ta taɓa ganin allura ba, a ina za ta kwaso su? Mu daina ci ne?

Yaya Habu:
Wa alaikis salam. A ɗakin gwaji nake aiki, maganar gaskiya ce. Ba sai dabbar ta sha magani ba. Ruwa ɗaya take sha da shanu, kuma kashin mutane da na gonakin kaji yana gangarawa rafi. A nan take kwasar ƙwayoyin cuta irin su E. coli ko Salmonella da suka saba da magani. Wasunsu suna fitar da sinadarin da ake kira ESBL, wanda ke wargaza amoxicillin har ma da ceftriaxone, wani antibayotik na allura. Abin takaicin, ƙwayoyin suna miƙa wa juna wannan dabara. Dabbar na yawo da su lafiya lau, ba za ki gane da ido ba.

Amma wuta ba ruwanta da taurin kansu. Idan zafi ya kai digiri 70 har tsakiyar nama, sun mutu. Na fi zargin wuƙar, da kwanon, da hannunki. Wanke nama ma yakan fantsama ruwan a kan abin da ke kusa.

Maman Sadik:
Innalillahi! Da wuƙar nan na yanka masa lemo, ɗauraya kawai na yi.

Anti Rabi:
'Yar uwa, yaron ne a gaba. Ki daina ba shi ragowar magani, yawancin zawon yara ba ya buƙatar antibayotik. Ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, ki kai shi asibiti yau, ki faɗa musu abin da ya sha. Idan da jini a bahaya, ko zazzaɓi, ko ya daina fitsari, kada ki jira yamma.

Baba Maharbi:
'Yata, ki ce wa maigidan ya cire kayan ciki tun a daji, ya ɗaure bakin hanjin kafin ya ja. Inda kashi ya taɓa, yankewa ake yi a zubar. Mai ciwo a hannu kada ya yi fiɗa.

Yaya Habu:
Haka ne Baba. A ƙara da cewa firiza ba ta kashe ƙwayoyin cutar, hayaƙi sama-sama ma haka. Maman Sadik, idan sun ce gwajin bahaya, ki yarda, shi zai nuna maganin da ƙwayar ke ji.