Kilo nawa, cikin wata nawa? Abin da kowannenmu ya gani wajen rage ƙiba

Mai ɗinki, Shara Mansur, Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo wannan magana ne domin na gaji da jin ana ce mini in rage ƙiba ba tare da an gaya mini kilo nawa zan rage ba, balle a faɗa mini cikin wane lokaci. Shekaruna 43, tsawona mita 1.60, nauyina kilo 92, aikina kuwa zama ne a kan keken ɗinki tun hantsi har bayan isha'i. A watan Muharram na yi gwajin jini a mustausaf ɗin unguwarmu, likita ta ce gwajin da ke nuna sukarin wata uku, wanda suke kira HbA1c, ya nuna 6.1, wato ban shiga ciwon suga ba, amma ina tsaye a bakin ƙofarsa.

Da na dawo gida sai na yanka wa kaina kilo 20 kafin bikin 'yata, alhali saura wata biyu a yi shi. Na bar shinkafa da burodin tamis gaba ɗaya, na koma shayi da latas da ƙwai. Kwana goma na farko kilo 3 suka zube, har na buga wa ƙanwata waya a Kano ina yi mata albishir. Daga nan lambar sikelin ta tsaya cak har mako biyu, jiri ya fara ɗibana, hannuna na rawa idan zan zura zare a allura. Na karaya, aka yi biki, kuma yau ga ni a kan 92 ɗin da na baro. Ina roƙon duk wanda ya taɓa sa wa kansa adadi ya cim masa, ko ya kasa, ya faɗa mini yadda ya yi.

Direba, Riyad

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni abin da ya fid da ni shi ne na bar ƙirga kilo na koma ƙirga gwangwani. Ina tuƙa wa wani gida mota shekara tara ke nan, kuma duk inda aka ce in jira, baƙala nake shiga in ɗauko Pepsi mai sanyi, har ya zama uku nake sha a rana ban lura ba. Wani ɗana da ke karatu ne ya juya mini gwangwanin ya nuna mini rubutun bayansa. Gwangwanin lemon kwalba mai mililita 330 yakan ɗauki sukari wajen giram 35, guda uku ke nan sun haura giram 100, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali goma sha biyu. Ban ma sa shayi a lissafin ba, wanda nake sha kofi biyar, kowane kofi cokali uku. Ko harajin kashi 50 cikin ɗari da gwamnati ta ɗora wa lemon a 2017 bai hana ni ba, sai dai na riƙa biya ina gunaguni.

Na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihun ƙofar mota. Watan farko na rubuta cewa gwangwani ɗaya a rana, sukari cokali biyu. Wata na biyu gwangwani biyu a mako, cokali ɗaya. Kullum da dare ina jan layi idan na cika, in sa gicciye idan na karya. Amfanin wannan, Hajiya, shi ne gwangwani yana hannuna, ni ke ɗauka ni ke ajiyewa, kilo kuwa ba ya jin umarnina. Wata shida na sauko daga 104 zuwa 97, kuma shinkafar kabsa da nake ci ban taɓa ta ba sai a wata na huɗu.

Ma'aikaciyar jinya, Jidda

Yaya, ki yi haƙuri in fara da gyara lissafin, domin ba ƙoƙarinki ne ya gaza ba, adadin da kika sa ne ya fi ƙarfin jiki. Kilo 20 cikin mako takwas yana nufin kilo biyu da rabi kowane mako, alhali abin da likitoci suka yarda da shi rabin kilo ne zuwa kilo ɗaya. Kilo 3 ɗin da kika gani da farko kuma yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye sitaci a hanta da tsoka tare da ruwa mai yawa, idan aka yanke shinkafa da burodi farat ɗaya sai ya ƙone ajiyar ya saki ruwan. Lokacin da lambar ta tsaya, a nan ne ainihin aikin kitse ya fara, ke kuma a nan kika ɗauka an gama.

Ga adadin da nake ganin ya dace da mai irin sakamakonki. Akwai babban bincike da aka yi a Amurka kan mutanen da ke gab da ciwon suga, aka fitar da sakamakonsa a 2002. Abu biyu aka nema daga gare su: su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari a tsakaninsu, fiye da waɗanda aka ba maganin metformin, waɗanda tasu ta ragu da kashi 31. Kashi 7 na kilo 92 bai kai kilo shida da rabi ba. Idan kika bi rabin kilo a mako, wata uku da 'yan kwanaki ne. Na san ido ba zai ga wani gagarumin canji ba, kuma na san mu mata abin da muke so ke nan mu gani, amma jininki zai gani.

Abu na biyu, ke da ke da tef ɗin awo a wuya kullum, kin fi kowa kayan aiki. Ki auna kugunki a tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, bayan kin fitar da numfashi, ba tare da kin matse ba. Mace idan ta wuce santimita 88, namiji 102, haɗarin suga da hawan jini ya yi yawa. Ni kaina da na fara, na yi mako uku sikeli bai motsa ba amma kuguna ya ragu da santimita biyu, kuma shi ya hana ni barin hanya. Sikelin kuma ki hau shi da safe bayan kin kewaya, kafin ki ci komai, sau uku a mako, ki haɗa ki raba uku. Nauyin mace yakan hau da kilo ɗaya ko fiye gab da al'ada, haka ma washegarin cin abu mai gishiri, saboda haka awon rana ɗaya ba shaida ba ne. Wanda ke shan maganin suga ko na hawan jini kuwa ya sanar da likitansa kafin ya rage abinci, domin wani lokaci sai an rage maganin.

Dattijo, Madina

'Yata mai jinya ta yi bayani mai kyau, Allah ya saka mata, amma ni a kan sikeli ba mu haɗu ba. Na saye shi, na wayi gari ina hawansa sau huɗu a yini, idan ya ƙaru raina ya ɓaci har iyalina su gane. Na ba da shi kyauta. Abin da nake ƙirgawa yanzu ɗaya ne: tafiya da ƙafa daga Harami zuwa masallacin Ƙuba ta hanyar da aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa, kimanin kilomita 3, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Na fara da ranar Asabar kaɗai, ina tsayawa hutu sau uku, in dawo a mota. Yanzu sau huɗu nake zuwa a mako, ba na zama ko sau ɗaya. Nauyina sai in na je asibiti bayan wata uku nake ji. Duk wanda ya san zuciyarsa irin tawa ce, ya zaɓi ma'aunin da ba zai hana shi barci ba.

Mai aikin gida, Hindawiyya, Jidda

Baba ya faɗi gaskiya, ni ma da wani abu daban na auna. Matsalarmu da ba a cika faɗa ba ita ce tire ɗaya muke zagayewa. Mu bakwai ne a gida, idan aka juye kabsa ko tuwo a tsakiya, babu wadda za ta iya cewa ga iya abin da ta ci, hannu ne kawai ke kai da kawowa har a ga ƙasan tire. Na ware ƙaramin kwano guda, ina zuba nawa kafin a kai tiren, ludayi biyu na shinkafa, sauran wurin salatin da nama. Da farko surukata ta ɗauka ƙyamar su nake yi, sai da na zaunar da ita na nuna mata takardar asibiti ta sakar mini fuska.

Sai mai. Na lura galan mai lita ɗaya da rabi kwana tara yake yi mana. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kusan 120, ni kuwa daga bakin galan nake tuttulawa a tukunya. Na riƙa rubuta ranar da na buɗe a jikinsa da biro, na sa niyyar ya kai mako biyu, yanzu yana kaiwa kwana goma sha shida, kuma babu wanda ya ce miya ta canja.

Inda na faɗi shi ne azumin bara, kuma ina so Yaya ta ji wannan tun da wuri. Na shiga Ramadan da ragin kilo 5, na ce ai azumi da kansa zai ƙarasa mini, sai na ajiye kwano da ƙirga duka. Sambusa, luƙaimat, subiya da Vimto kowane buɗa-baki, ga kunu da ƙosai irin namu na gida, ga barci bayan sahur. Ranar sallah na tarar kilo 3 sun dawo. Ban taɓa cin abin da na ga ya yi yawa a dare ɗaya ba, taruwa ya yi.

Ɗalibi, Jami'ar Musulunci ta Madina

Abin da zan ƙara kaɗan ne, iyayena. Tun farkon 2019 doka ta wajabta wa gidajen abinci a ƙasar nan su rubuta kalori a gefen kowane abinci, ni kuwa shekara biyu ina kallon allon ban taɓa karanta lambar ba. Yanzu da ita nake zaɓa tsakanin gasasshiyar kaza da soyayya. Manhajar lafiya ta waya mai suna Sehhaty ma tana ƙirga taku, na fara da 3,000 a rana, ina ƙara 500 duk mako.

Mai ɗinki, Shara Mansur, Makka

Na dawo bayan mako shida in ba ku labari, kuma na gode wa kowa. Na rubuta abu huɗu a bayan littafin da nake rubuta awon masu kawo ɗinki: kilo 86 kafin ƙarshen Sha'aban, sukari cokali ɗaya a shayi, kwanona na daban, da tafiyar minti 30 kwana biyar a mako. Tafiyar bayan isha'i nake yi tare da maƙwabciyata, domin da rana ba ta yiwuwa. Ban bar tamis ba, rabi nake ci da ful.

Matsakaicin awona na wannan mako 89.4 ne, kuguna kuma ya sauko daga santimita 104 zuwa 101. A mako na huɗu awon ya hau da giram 600, na kusa rufe littafin, sai na tuna da maganar ƙanwata mai jinya ta Jidda na duba kwanan wata, mako na gaba ya sauka. A cikin tafiya 30 da na tsara na yi 23, bakwai ɗin da na rasa kuwa duk a lokacin da ɗinkin wani biki ya taru mini ne, saboda haka na fara karɓar kaya da lissafin wannan rabin awar a ciki. Likita ta ce in koma gwajin HbA1c idan wata uku sun cika.

Na riga na buɗe shafin Ramadan. Na rubuta dabino uku, sambusa biyu, Vimto ranar Juma'a kawai, tafiyar kuma bayan tarawihi. Abin da ban iya sa masa adadi ba har yanzu shi ne kunun sahur, domin ba na iya ɗaukar azumi ba tare da shi ba. 'Yar'uwata ta Hindawiyya, ke kofi nawa kika tsayar wa kanki bana, kuma da sukari ko babu?