Baba ya ƙi komawa asibiti bayan aikin sankarar hanji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Talata Mafara nake. Bara aka yi wa mahaifinmu aikin sankarar babban hanji a Sakkwato, aka yanke inda ciwon yake, ya kuma gama allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara. Likita ya ce a riƙa kawo shi gwajin jini duk bayan wata uku. Yanzu Baba ya kafe, wai yana cin tuwonsa, yana leƙa gona, me zai je nema? Ga kuɗin mota da na gwaji, ga hanya yadda kuka sani. In muka matsa sai ya ce mu ke kira masa ciwo. Amma yana yawan zagayawa, yatsun ƙafarsa kuma kullum a mace, har ya rage zuwa jam'i. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani ma'aikacin jinya daga Gusau:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Jin ƙarfin jiki ba ya nuna komai ya wuce. In ciwon zai dawo, galibi cikin shekara 2 zuwa 3 na farko yake dawowa, sau da yawa a hanta ko huhu, kuma yakan fara shiru ba zafi. Shi ya sa ake auna CEA a jini, wani sinadari da kan ƙaru in ciwon ya dawo, a ɗauki hoton cikin jiki na CT, sannan a leƙa hanjin da na'ura kusan shekara guda bayan aiki. Abin da aka gano da wuri, wani lokaci ana iya sake cire shi. Bibiyar takan kai shekara 5, kuma tazarar zuwa tana ƙaruwa daga baya. Mutuwar yatsun nan sananniya ce ga wanda aka ba maganin kemo mai suna oxaliplatin. A faɗa wa likita, da batun zagayawar, don ita zagayawar akwai maganin da ke rage ta.

Wata Hajiya daga Argungu:
Ɗana, ni ina ganin ba tsoron gwaji kaɗai ba ne. Dattijo ba ya son 'ya'yansa su riƙa ja masa hannu, balle a kan maganar bayan gida. Maigidana da jakar tara bayan gida manne a cikinsa ya dawo daga asibiti, watanni bai fita ba, sai da amininsa ya zauna da shi. Ku daina taruwa a kansa. Ku nemo sa'ansa da yake jin nauyi, ko limamin unguwa, shi ma ya yi masa bayanin sassaucin da shari'a ta yi wa mai lalura wajen alwala.

Wani ɗan uwa daga Ƙauran Namoda:
Ku tambayi likitan ko za a iya ɗibar jinin a Gusau a tura masa sakamako ta waya, a bar Sakkwato sai ranar hoto. Kuma ku da kuke 'ya'yansa ku tambaya yaushe za a fara duba ku, don ciwon yana bin jini a wasu gidajen.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya kin taɓo wajen. Akwai Baffa da suka yi karatun allo tare, shi za mu tura masa ranar Juma'a. Malam na Gusau, in an je ɗibar jinin sai da azumin safe, ko zai iya karyawa kafin mu taso?