An tura ni aiki Wurno, wa ya san garin?

Malamin_Lissafi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda ya san Wurno ta jihar Sakkwato, an tura ni koyarwa can kuma ni ɗan Zariya ne ban taɓa wuce cikin garin Sakkwato ba. Ya batun ruwa da wuta da sabis ɗin waya, akwai asibiti, ana samun ɗakin haya? Sannan wani abokina ya ce min wai Sarkin Musulmi Bello a can yake kwance, ni duk zatona a Hubbare yake tare da Shehu. Mahaifiyata hankalinta ya tashi tunda ta ji gabashin Sakkwato ne, ina so in samu abin da zan faɗa mata na gaskiya.

Ɗan_Achida:
Wa alaikumus salam malam, sannu da zuwa tun kahin ka iso. Daga Sakkwato hanyar Goronyo zaka bi, ka wuce garinmu Achida sannan ka ratse, kamar awa guda ne in mota ba ta tsaya tsaye-tsaye ba. Hedikwatar ƙaramar hukuma ce don haka akwai babban asibiti da makarantu da 'yan POS. Wuta kam kada ka dogara da ita, ka taho da ɗan sola ko fawa bank, in ba haka ba kullum kana shagon caji. Ruwa rijiya da bohol da 'yan garuwa. Sabis akwai amma ka riƙe layi biyu. Ɗaki ka bari sai ka iso malamman makarantar su haɗa ka da mai gida, ya fi sauƙi. Batun tsaro ba zan ɓoye maka ba, yankinmu ya sha wuya da 'yan bindiga, to kar ka yi tahiyar dare ko kusa, ka bi motar sahe, kuma duk ƙauyen da zaka ka tambayi mutanen gari tukuna.

Mai_Son_Tarihi:
Abokinka gaskiya ya faɗa maka. Shehu Usmanu ne a Hubbare cikin Sakkwato, amma ɗansa Muhammadu Bello a Wurno ya rasu a 1837 kuma can kabarinsa yake har yau ana ziyara. Shi ya kafa garin a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka inda ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma wuri ɗaya don tare hare-haren Gobirawa da Azbinawa daga arewa maso gabas, kuma bai tura wasu shi ya zauna a Sakkwato ba, da kansa ya tare can. Abin da ke taɓa min zuciya kenan game da garin, shugaba ya kai gidansa bakin daga. Bayansa ma sarakunan Musulmi da dama sun fi zama Wurno, ɗansa Aliyu Babba can ya riƙa zama, a zamaninsa ne Baturen nan Barth wanda ake kira Abdulkarim ya sauka garin a 1853. To ka ga wannan ɗan garin da kake tambayar ko akwai caji, a da nan ake aiko da wasiƙu daga Kano da Bauchi da Adamawa. Sarautar garin Sarkin Sudan ce, marigayi Alhaji Shehu Malami ya riƙe ta. Ni da na je abin ya ban tausayi, ɗalibai nawa ne a ƙasar nan suka san wannan? In ka zauna don Allah ka kai yaran ajinka su gani da idonsu, ko da lissafi kake koyarwa.

Hajiyar_Tafarnuwa:
Ɗana ka ce wa mamanka ta yi ta addu'a kawai, mutanen kirki zaka taras. Ni sari nike zuwa yi can shekara da shekaru. In ka je da rani ka leƙa fadama wajen dam ɗin Lugu, ko'ina bushe amma can kore shar, shinkafa da albasa da tafarnuwa, in anka fara haƙo ta tun daga bakin gari kake jin ƙamshi, buhuna jibge ana lodi. Damina kuma in gulbin Rima ya cika yakan ci gonaki, wannan ita ce babbar damuwarsu. Ka taho da gidan sauro.

Malamin_Lissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya na karanta wa Mama saƙonki ta ɗan saki rai, har ta ce in kawo mata tafarnuwa in na zo hutu. Ɗan Achida a wace tasha zan samu motar safen?