Muhammad Ali ne gwarzon damben duniya? Taƙaitawar muhawara

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawarar ko Ali ne ya fi kowa a tarihin damben boksin:

1. Kusan kowa ya yarda a ajin masu nauyi ba a yi mai zafin nama kamar Ali ba. An yi ta ambaton karonsa da George Foreman, zakaran duniya na lokacin, a Kinshasa a 1974, yadda ya jingina da igiya har Foreman ya gaji, sannan ya kwantar da shi a turmi na takwas.
2. Dakatarwar da aka yi wa Ali daga dambe a 1967 zuwa 1970, saboda ƙin zuwa yaƙin Biyetnam, ta cinye masa ganiyarsa.
3. A kan wanda ya fi kowa aka rabu. Wasu sun tsaya kan Joe Louis, mai kare kambu sau 25. Wasu Rocky Marciano, da ba a taɓa doke shi ba a karo 49.
4. Masoyan Mike Tyson kuwa, hayaniyarsu ta fi hujjarsu yawa.