Tsohon nan mai fiyano a Mosko: wa ke da irinsa?

Sadiya: Salamu alaikum jama'a. Taimako nake nema. Shekaranjiya ina aikin dare, marasa lafiya duk sun samu barci, na sa iyafis ina ta yawo a YouTube, sai na faɗa kan wani tsohon Bature yana kiɗan fiyano a Mosko. An rubuta Horowitz, kiɗan kuma na Scarlatti, K. 380. 'Yan mintoci ne kawai, amma kafin kiran assalatu na maimaita shi ya fi sau goma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutumin ko motsi ba ya yi. Yatsunsa a shimfiɗe kan madannai kamar mai shafa kan jariri, ƙaramin yatsan dama a naɗe, sai in ana bukatarsa ya miƙe ya sara ya koma. Sautin kuwa kamar ana busa kakaki a ƙofar fada, wani yana amsawa daga can bayan gari. Ni ban san komai a wannan harka ba. Ku nuna mini na gaba. Sharaɗina biyu: tsoho ko tsohuwa, kuma kiɗan irin wannan zamanin.

Baba Garba: Wa alaikumus salam 'yata. Kin shiga ta babbar ƙofa. Wasan da kika gani na ranar 20 ga Afrilu 1986 ne, a babban ɗakin makarantar kiɗa ta Mosko, lokacin yana da shekara 82. A Kiev aka haife shi a 1903, ya bar Tarayyar Sobiyat a 1925, bai sake taka ta ba sai wannan zuwan, bayan shekara 61. Fiyanonsa na kansa, Steinway, daga New York aka yi jigilarsa. Ina ɗalibi a Tarayyar Sobiyat a lokacin, amma ina ni ina tikiti? Yawanci manyan gwamnati aka raba wa, har ɗaliban makarantar suka kutsa da ƙarfi. In kin kasa kunne a farkon wasan za ki ji hayaniyarsu. Kwana shida bayan nan tashar nukiliyar Chernobyl ta fashe, zancen kowa ya koma can.

Nemi cikakken bidiyon. Sonata uku na Scarlatti ya buɗe da su: K. 87, K. 380, K. 135. Ni K. 87 ta fi kama ni. Ba ta da kakaki, ba ta da ado, tafiya ce a hankali ta mutumin da ke magana da kansa.

Sadiya: Allah ya ƙara girma Baba. Wannan K ɗin fa, mene ne?

Malam Habu: Lambar jeri ce. Domenico Scarlatti ya bar sonata 555, wani masani Ba'amurke, Ralph Kirkpatrick, ya jera su a littafinsa na 1953, K ɗin harafin sunansa ne. A tsofaffin fayafai za ki ga L, wannan jerin Longo ne, K. 380 ita ce L. 23. Kada ki ɗauka kiɗa biyu ne.

Amma bari in ɓata muku rai tun da wuri. Abin da kika ji ba shi Scarlatti ya ji ba. An haife shi a Naples a 1685, shekara ɗaya da Bach da Handel, ya yi yawancin aikinsa yana koyar da gimbiya Maria Barbara ta Fotugal, wadda ta zama sarauniyar Sifen, ya rasu a Madrid a 1757. Babban abin kiɗan fadar hafsikod ne. A ido kamar fiyano yake, amma a ciki ɗan tsinke ne na gashin tsuntsu yake tsinkar tsirkiya, yadda mai garaya ke yi. Ki danna da ƙarfi, ki danna a hankali, sautin kusan ɗaya ne. Fiyano kuwa guduma ce mai laushi take bugun tsirkiyar. Duk wannan nesa da kusa da ya burge ki, Horowitz ne ya zuba shi. Ki nemi Scott Ross, shi ya ɗauki duka 555 a kan hafsikod, faifai 34, a tsakiyar shekarun 1980. Ki ji K. 380 tasa, sannan mu yi magana.

Nafisa: Malam Habu an fara ke nan. Ta ce tsoho, Scott Ross bai kai arba'in ba ya rasu.

Baba Garba: Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi. Cristofori ya ƙera fiyano a Florence wajen 1700, kuma a cikin kayan da Maria Barbara ta bari akwai fiyano na farko-farko. Ba za a ce Scarlatti bai taɓa sa hannu a kai ba. Shi ma Horowitz ba da ka ya yi ba, sai da ya nemi shawarar Kirkpatrick ɗin nan naka kafin faifansa na Scarlatti na 1964.

Malam Habu: Na yarda Baba, amma fiyanon wancan zamani da Steinway, kamar jaki ne da tirela.

Ɗanladi: Ni dai bari in yi magana a matsayin wanda yatsunsa suka sha wuya. Shekara goma sha ina danna kibod a cocinmu a Jos. Da na ga bidiyon nan na sauko da takardar K. 380, na ce ai wannan ba wani abu ba ne, rubutun ma fili ne. Wata biyu ina fama. Bugun da ƙarfi kowa ya iya. Wahalar tana wurin da jimla take dawowa a karo na biyu, dole ta fito ƙasa da ta farko amma kowane sauti ya tsaya da ƙafarsa. In na sassauta sai wasu su ɓace gaba ɗaya, in na danna sai amsawar ta zama ihu. Ga kuma 'yar karkarwar da ake yi da yatsu biyu a ƙarshen jimla. Tawa kamar an zubar da tsakuwa a kwano. Tasa kuwa kana iya ƙirga su.

Anti Sadiya, shawarata András Schiff. Ɗan Hungary ne, haihuwar 1953, yanzu ya haura saba'in. Nemi wasansa na BBC Proms na 2017 a Royal Albert Hall, inda ya buga littafi na farko na Well-Tempered Clavier na Bach, firelud da fug 24, kusan awa biyu, babu takarda a gabansa, babu hutu. Ki lura da ƙafarsa. Fedar dama ita ce mafakarmu, ita ke haɗa sauti ta rufe asirin yatsa. Shi ba ya taɓa ta a Bach, da yatsu kaɗai yake riƙe komai.

Sadiya: Awa biyu! Ɗanladi datata fa.

Ɗanladi: Fara da minti biyar na farko, firelud da fug na C. A fug murya ɗaya ce ke fara jimla, ta biyu ta shigo da ita, ta uku, ta huɗu, kuma babu wadda ta yi shiru don wata ta shigo. Ki zaɓi ɗaya ki bi ta har ƙarshe, gobe ki bi wata.

Baba Garba: Tunda tsoho take so, Schiff ai yaro ne. 'Yata, rubuta wannan suna da kyau don yana da wuyar rubutu: Mieczysław Horszowski. An haife shi a Lwów a 1892, ya rasu a Philadelphia a 1993, saura wata guda ya cika 101. Wasansa na ƙarshe a gaban jama'a yana da shekara 99. Malaminsa Leschetizky, malamin Leschetizky Czerny, malamin Czerny Beethoven. Ku da kuka san darajar silsila a karatu kun gane abin da nake nufi: mutum biyu kacal tsakaninsa da Beethoven, kuma ga shi a bidiyo mai kala.

Ɗan ƙaramin mutum ne, hannunsa ma ƙanana. Ya daɗe yana rakiyar Pablo Casals mai kiɗan cello, yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Curtis, Murray Perahia yana cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa. Bai yi aure ba sai yana da 89. A ƙarshen rayuwarsa ido ya yi rauni, karatun takarda ya gagara, abin da ke kansa da yatsunsa shi yake bugawa. Nemi English Suite ta 5 da French Suite ta 6 na Bach da ya ɗauka wa kamfanin Nonesuch yana cikin shekarunsa na casa'in. Akwai kuma wasan Tokyo na 1987, yana da 95.

Zan gaya miki gaskiya don kada ki ce Baba ya yaudare ki: a wasannin da aka ɗauka kai tsaye za ki ji yatsa ya zame nan da can. Bai dame shi ba, bai tsaya gyara fuska ba. Suite jerin raye-raye ne, kuma a cikinsu akwai mai tafiyar hawainiya da ake kira saraband. Nan za ki je. Matasa in sun zo saraband sai su yi ta jan ta suna matsa ta don a san suna jin abin a rai. Shi kuwa ajiye ta yake yi yadda tsohuwa ke ajiye ƙwarya cike da nono, ba gaggawa, ba yanga, ko ɗigo bai zuba. Matata, Allah ya jiƙanta, ba ta son kiɗan Turawa ko kaɗan, amma in na sa wannan ba ta cewa in rage.

Nafisa: Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta.

Sadiya: Amin. Allah ya kai haske kabarinta Baba.

Yusuf: Amin. Gaisuwa daga Yamai. Ku duk kun tsaya Italiya da Jamus, to ga Faransa. Yaya Sadiya, rubuta Sokolov Tic-Toc-Choc. Grigory Sokolov, haihuwar Leningrad 1950, ya ci gasar Tchaikovsky a 1966 yana ɗan shekara 16. Kiɗan na François Couperin ne, 1722, kuma an rubuta shi don hafsikod mai jerin madannai biyu, sama da ƙasa, kowane hannu da nasa. A fiyano jeri ɗaya ne, sai hannayen biyu su hau kan juna a wuri guda. Lugude ne sak: taɓarya biyu, turmi ɗaya, kuma ba sa karo. Bidiyon Faris na 2002 ya nuna hannun kusa-kusa. Bayan shi ki nemi Les Sauvages na Rameau, shi ma a hannunsa.

Malam Habu: Wannan kam na sallama. Karkarwar Sokolov ko masu hafsikod sai su yi shiru. Amma a 2002 shekararsa 52, sharaɗi ya karye.

Yusuf: Malam gashinsa fari fat tun lokacin, a yi mana rangwame. Har yanzu ma yana wasa.

Nafisa: Ta ce tsoho KO tsohuwa, na ga an manta rabin maganar. Rosalyn Tureck, 'yar Chicago, ta ba Bach rayuwarta gaba ɗaya. Ta sake ɗaukar Goldberg Variations a 1998 ta haura tamanin, kusan awa ɗaya da rabi, don ba ta tsallake maimaici kuma ba ta sauri. Kwatanta da Glenn Gould na 1955, minti 38. Wasu suna cewa nata ya cika nauyi, kuma wani lokacin ina yarda da su, sai na huta a tsakiya. Amma hannun hagunta ba ɗan rakiya ba ne, magana yake yi.

Sai Tatiana Nikolayeva. Ta ci gasar Bach a Leipzig a 1950, marubucin kiɗa Shostakovich yana cikin alƙalai, abin ya shige shi har ya rubuta nasa firelud da fug 24 saboda ita. Su take bugawa a San Francisco a Nuwamba 1993 lokacin da ciwo ya kama ta a kan dandali, bayan kwana tara ta rasu. A bidiyo kamar kakar da ta fito daga madafa ta zauna. Nemi Art of Fugue nata.

In kuma barci ya fara ɗibarki a wurin aiki, Martha Argerich, Scarlatti K. 141. Haihuwar 1941 ce, ta haura tamanin tana buga shi, sauti ɗaya ana maimaita shi da yatsu suna canji kamar keken ɗinki.

Ɗanladi: K. 141 ko takardar ban sauko da ita ba, na san matsayina.

Baba Garba: Kada ku cika mata tulu ya fashe. 'Yata, mako ɗaya, mutum ɗaya. Kuma ba a kan lasifikar waya ba, tana cinye hannun hagu, rabin kiɗan ke nan.

Sadiya: Na dawo da rahoto. Malam Habu, na ji Scott Ross. Da farko kamar ana kaɗa cokula, amma a karo na uku na fara jin wani abu kamar jita a ciki, kuma na gane shi ma yana yin nesa da kusa, sai dai da jinkiri yake yi, ba da ƙarfi ba. Duk da haka ina nan wurin tsohona.

Baba, na samu saraband ɗin French Suite ta 6. Ƙarfe uku na dare na sa. Wata tsohuwa da ke gado na kusa da teburina ba ta barci, ta ce me nake ji haka na yi tsit. Na sa mata kunne ɗaya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan mai kiɗan ba yaro ba ne." Ban gaya mata komai a kansa ba wallahi.

Malam Habu: Jitar da kika ji ba kunnenki ba ne, shekara kusan talatin Scarlatti ya yi a Sifen. Gwada K. 208 a hannun Ross, sannan K. 492.

Baba Garba: Gaishe mini da ita, Allah ya ba ta lafiya. In ta nemi ƙari, K. 87.

Sadiya: An sallame ta da safe. Yusuf, Tic-Toc-Choc da T biyu ne ko da K? Na rubuta sau uku yana kawo mini TikTok.