Wa ya taɓa sauka a garuruwan noma na Kurdawa? Ku faɗa mini yadda kuka same su

Ɗan Kura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki da wani kamfanin kayan ban ruwa a Sulaimaniyya, yankin Kurdawan Iraƙi. Wani abokin aikina ɗan Biyara ne, wani ƙaramin gari a tsaunukan Hauraman dab da iyakar Iran, ya dage lallai sai na je gidansu lokacin tsinkar rumman a watan Oktoba. Na amsa masa, amma tunda na zo ƙasar nan ban taɓa kwana a wajen birni ba. Don Allah wanda ya taɓa sauka a irin waɗannan garuruwa, ko a Iraƙi ko Turkiyya ko Iran, ya ba ni labari. Ina so in san yadda baƙo zai zauna a gidan mutane bai yi abin kunya ba. Kuma da yake ni ɗan manomi ne, ina so in ji me suke nomawa da irin faman da suke yi.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka bari gayyatar nan ta wuce ka. Na je Biyara da maƙwabciyarta Tawela a daidai irin wannan lokacin.

Daga Sulaimaniyya motar haya za ka shiga zuwa Halabja, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, ta cikin filin Sharazur, ku ratsa garin Sayyid Sadiƙ. Gonakin alkama da sha'ir ne iya ganinka, amma a Oktoba ba za ka ga tsiro ba, sai ƙasa a huɗe. Ruwan samansu da sanyi yake zuwa, shi ya sa suke shuka wajen Nuwamba, su yi girbi tsakanin Mayu da Yuni. Daga Halabja hanya ta fara hawa tana karkacewa har ka shiga kwarin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lambunan. Ƙasar noma ba ta da yawa a can, dutse ne ko'ina. Sai suka jera katangun dutse a jikin tsauni suna tare ƙasa, hawa bisa hawa, kowane hawa da bishiyoyinsa: rumman, ɓaure, inabi, da wata babbar bishiya da suke kira gwez, ɗanta mai ɓawo ne mai tauri, sai an fasa a ci ƙwayar ciki. Ruwa daga idon ruwa yake fitowa a sama, a ja shi ta 'yan magudanai daga lambu zuwa lambu, kowane gida da lokacinsa. Mai masaukina ya tashi tsakar dare da tocila don lokacin ruwansa ya yi, na bi shi. Da shebur ya toshe wancan bakin ya buɗe wannan, ya tsuguna yana jira har ruwan ya kai bishiyar ƙarshe. Gidajen ma haka suke a Tawela, rufin wani shi ne tsakar gidan na sama da shi.

Da safe garin tsit yake, ba don barci ba, kowa ya tafi lambu. Ka bi su ka kama aiki. Za su hana ka, ka dage. Ni sai da na ɗauki kwando sannan hira ta buɗe tsakanina da dattijon gidan.

Maman Ilham:
Ɗan Kura, sannu da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki da wata ƙungiyar agaji a Halabja, kuma wata abokiyar aikina ta kai ni gidan iyayenta a wani ƙauye kusa da Kurmal. Bari in ba ka ɓangaren cikin gida, don kai ba lallai ka gan shi ba.

Aikin rumman rabinsa na mata ne. Su ke ɓare shi, su matse ruwan, su ɗora a manyan tukwane a wuta ya yi ta tafasa har ya yi kauri ya yi duhu, mai tsami da ɗan zaƙi. Shi suke zubawa a kwalabe su ajiye na shekara, su sayar da saura. Hannun kowace mace a lokacin baƙi ƙirin yake saboda ɓawon rumman da na gwez. Ɓaure da tumatir kuwa a kan rufi ake shanya su.

Abinci a ƙasa ake ci, a shimfiɗa leda kowa ya zagaye. Shinkafa da miyar kuɓewa ko ta wake, sai dai kuɓewarsu ba ta yauƙi, da tumatir suke dafa ta sukutum. Akwai gurasa mai faɗi siririya, da kindirmo da aka dama da ruwa da ɗan gishiri. Idan aka yi maka kalana, wata gurasa da ake cusa wa ganyen albasa a shafa mata man shanu, ka san an girmama ka. Shayi kuwa ba ya yankewa, a 'yan ƙananan kofunan gilashi.

Kada ka miƙa wa matan gidan hannu, ka ɗora hannunka a ƙirji ka gaishe su. Takalmi a bakin ƙofa. In dattijo ya shigo kowa miƙewa yake yi, kai ma ka miƙe.

Sai magana mai nauyi. Ranar 16 ga Maris 1988 jiragen gwamnatin Saddam suka zuba wa Halabja iska mai guba, mutum wajen 5,000 suka rasu. A shekarar ce kuma sojojinsa suka kai wa Kurdawa farmakin da ake kira Anfal, kuma ƙauyukan Kurdawa kusan 4,000 aka rushe a waɗannan shekarun. Da wuya ka shiga gida a yankin nan da bai rasa wani ba. A asibiti na ga tsofaffi da har yanzu numfashi ke ba su wahala. Mahaifiyar abokiyata da kanta ta ɗauko zancen wani dare muna ɓarar rumman, ta ce iskar ƙanshin tuffa ta zo da shi, ta faɗi yadda suka tsallaka tsauni zuwa Iran da ƙafa. Shawarata kada kai ka fara tambaya. In sun ga dama za su faɗa, ka saurara kawai.

Bazazzagi:
Yaya Maman Ilham, ni a nan na ɗan saɓa miki. Lokacin da na je, mutumin da ya sauke ni shi ya ɗauke ni ya kai ni gidan tunawa da waɗanda suka rasu a Halabja, inda aka rubuta sunayensu a bango. Ya ce ciwonsu shi ne duniya ta yi shiru a lokacin. Ina ganin in Ɗan Kura ya ce wa abokinsa yana so ya tsaya a can ya yi musu addu'a, daɗi zai ji, ba haushi ba.

Maman Ilham:
Haka ne ƙanena, ziyara da addu'a daban. Abin da nake hanawa shi ne mutum ya zauna a kan abinci ya ce wa tsohuwa ta lissafa masa wa da wa ta rasa.

Damagaram:
Salamu alaikum. Ni karatu nake a Wan, gabashin Turkiyya. Wani ɗan ajinmu ya kai ni garinsu Bahcesarai, su Kurdawa Miks suke ce masa. Kilomita kusan 110 ne daga Wan, amma sai an haye wata mashiga a kan tsauni mai tsayin kusan mita 3,000. Da sanyi dusar ƙanƙara kan rufe hanyar. A Fabrairun 2020 ta zaftaro sau biyu a jere a wannan hanya, ta biyun ta binne waɗanda suka je ceto, mutum sama da 40 suka rasu. Direbanmu ya rage gudu a wurin ya yi fatiha.

Garin a cikin kwari yake, kogi na ratsa shi da ruwa mai sanyin gaske. Arzikinsu gwez da zuma da tumaki. Da bazara ake hawa da dabbobi can saman tsauni inda ciyawa take, mata su yi cuku da ganyayen daji a ciki, su danna a tulu su binne a ƙasa sai hunturu. A gidajen shayi za ka tarar da dattawa da samari sun duƙufa a kan darar ces, an san garin da ita.

Amma shirun can ya dame ni. Gida bayan gida tsofaffi ne da yara. Majiya ƙarfi suna Istanbul da wasu birane suna aikin gini. A shekarun 1990, lokacin da faɗa ya yi zafi tsakanin sojoji da 'yan tawayen Kurdawa na PKK, ƙauyuka wajen 3,000 aka tayar a kudu maso gabashin ƙasar, da yawa ba su sake cika ba. Kakan abokina ya nuna mini bishiyoyin da ba mai hawa ya kaɗe su. Kuma a ɓangaren Turkiyya baƙo ya kama bakinsa kan siyasa, don kai za ka tafi, mai masaukinka ne zai zauna da abin da ka faɗa.

Baba Maibandiri:
Yaro, Allah ya yi maka albarka. Tunda Biyara za ka, ka san inda za ka taka. Garin malamai ne. Maulana Khalid, wanda ya yaɗa ɗariƙar Naƙshabandiyya a ƙasar Kurdawa kuma ya rasu a Dimashƙa a 1827, babban halifansa shi ne Shehu Usman Sirajuddin na Tawela. Ɗansa Shehu Umar Diya'uddin ne ya kafa zawiyar Biyara da makarantarta, ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa. Ni daga ziyarar Sidi Abdulƙadir a Bagadaza muka ƙarasa can tare da wani makaranci da ya san hanya. Tsakanin 2001 da 2003 'yan bindigar Ansarul Islam sun riƙe garin sun takura wa mutane, sai da aka fatattake su zawiyar ta dawo hayyacinta.

Mutanen Shafi'iyya ne. Za ka ji liman ya bayyana bisimilla a Fatiha, mamu su ɗaga murya da amin, a yi ƙunuti a bayyane da asuba bayan an ɗago daga ruku'u. Ni da na saki hannu a sahu, bayan sallama wani dattijo ya matso ya tambaye ni cikin ladabi. Da na ce masa Malikiyya ne mu, daga Najeriya, sai ya riƙe hannuna ya kira mutane su zo su gaisa da ni. In kana da ɗan Larabci malamansu za su fahimce ka, amma samari da yawa ba sa jin sa sosai. Su a can harsunansu na Kurdawa suke yi, Hauramanci a gida, Soranci a kasuwa.

Ɗan Kura:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Abu Sumayya, to kasuwar fa? Noman yana riƙe gida?

Abu Sumayya:
A gaskiya da ƙyar. Kukan da na fi ji shi ne kayan Iran da na Turkiyya da ke shigowa da araha daidai lokacin da nasu ya nuna. Manoman tumatir a yankin sun sha zubar da kayansu a kan titi don nuna fushi. Ba su da isassun ɗakunan sanyi, dole su sayar a makon da kowa ke sayarwa, irin abin da ka sani a Kwanar Gafan in tumatir ya yi yawa. Masu alkama gwamnati ce ke saye, amma an yi shekarun da kuɗin ya maƙale tsakanin gwamnatin Bagadaza da ta yankin Kurdawa da ke Arbil. Gidaje da yawa albashi ne ke tallafe da su, wani malamin makaranta, wani ɗan Peshmarga, wato sojan yankin Kurdawa, albashin ma tun 2014 ba ya zuwa a kan kari.

Ga kuma ruwa. Kogin Sirwan daga Iran yake fitowa, kuma tunda aka gina madatsar Daryan a can sama, abin da ke isowa madatsar Darbandikan ya ragu. Farin 2021 ya ƙafar da idanun ruwa da dama. Kai da kake harkar ban ruwa, ka shirya, tambayoyi za su yi maka yawa. Bikin rumman da ake yi kowace shekara a Halabja yana taimaka musu, don mutanen birni kan zo su saya kai tsaye daga hannun manomi. Ka tambayi abokinka ko zai dace da zuwanka.

Talban Gabas:
Kowa ya faɗi alheri, kuma gaskiya ne, amma a faɗa masa ɗaya ɓangaren. Baƙar fata ba a saba gani ba a ƙauyukan nan. Za a kalle ka sosai. Yara za su bi ka, samari su nemi hoto da kai, wani ma ya ɗauka bai tambaya ba. Mafi yawa sha'awa ce, amma tana gajiyarwa. A wani shingen bincike na jami'an tsaron yankin da ake kira Asayish an sauke ni ni kaɗai daga mota, aka daɗe ana juya takarduna, sai da wanda ya gayyace ni ya yi magana da su ta waya. Ka riƙe fasfo da katin zamanka a jikinka, kuma in da hali ku tafi tare da abokin naka, kada ka ce za ka same shi a can.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Tun yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988 akwai nakiyoyi binne a tsaunukan iyaka, har yau suna tashi da makiyaya da masu neman ganyen daji. Duk inda ka ga jan alama mai kusurwa uku, ko duwatsu da aka shafa wa jan fenti, kada ka wuce. Ko babu alama kada ka bar hanyar da mutane ke bi. Tawela kuwa iyaka a bakin gari take, ban da ɗaukar hoton sansanin tsaro.

Ɗan Kura:
Allah ya saka da alheri, wannan ban san shi ba sam. Tambaya ta ƙarshe: me zan riƙa musu? Ko in ba da kuɗi in zan taho?

Maman Ilham:
Kuɗi kam a'a, ransu zai ɓaci. Ka sayi kwalin alawa ko kayan zaƙi a Sulaimaniyya, da shayi mai kyau, da ɗan abin yara. In kana da wani abu na gida ya fi, ni zoɓo da turaren wuta na kai, matan gidan suka yi ta tambayar yadda ake haɗa su. In kana so ka taimaka, ka sayi rumman da zuma a hannun maƙwabtansu da cikakken farashi, don mai masaukinka ba zai karɓi kuɗinka ba. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, dare a Hauraman a ƙarshen Oktoba yana da sanyi ƙwarai. Kuma ka bar wuri a jakarka, ba za su bar ka ka taho hannu rabbana ba.

Ɗan Kura:
Na gode Hajiya, na gode kowa da kowa. Ina da sauran kilishi da dabino da aka aiko mini daga gida, su zan haɗa da alawar. Gobe zan yi wa abokin nawa magana mu tafi a mota ɗaya, mu tsaya Halabja mu yi addu'a kafin mu hau.